Lamba Ɗari da Talatin da Bakwai

A Gombe aka danƙa min takardar,
shafi huɗu, tambaya arba'in da biyu,
da bututun roba da ake hurawa,
da biro mai tauniyar hula.
Aka ce: tafi Kumo, ki auno mana numfashin mutane.

Na iske Hammajo a bakin injin niƙansa,
gira fari, gemu fari,
kamar an tsamo shi daga buhun gari.
Ƙirjinsa na busa usur a hankali,
usur ɗin da ba ya tsayar da wasa.

Na ce, tun yaushe kake da fuka?
Ya ce, tun shekarar da aka canja kuɗi.
Na ce, wane canjin, Baffa?
Ya yi dariya, dariyar ta rikiɗe tari,
tarin ya cinye mana tambaya uku.

Ta goma sha huɗu ce ta tsaya min a wuya:
sau nawa ka fasa zuwa asibiti cikin wata shida?
Akwati huɗu aka zana.
Babu. Ɗaya. Biyu. Fiye da haka.
Ba akwatin kuɗin acaɓa.
Ba akwatin ranar da ya yi sammako,
ya karɓi kati na sittin da ɗaya,
la'asar sakaliya aka leƙo ta taga:
abin shaƙa ya ƙare, a dawo Talata.
Talata kuwa buhu tara ke jiransa,
ga mai injin na jiran balas.

Ya zaro gwangwanin daga aljihun gaba,
ya girgiza shi kusa da kunne.
Feshi ɗari biyu aka ce, 'yata,
ni kuwa ina kashe su kamar kuɗin maraya.
Sai na ga bango na juyawa nake taɓawa.

Sannan ya ce, zo ki gani.

Ɗakinsa, bayan ƙofa, daga ƙasa har kafaɗata,
zanen gawayi ne sahu-sahu.
Doguwar sanda, daren da ya kwana a zaune.
Da'ira, daren da akwai magani.
Gicciye, daren da Dudu ta fita neman mota.
Damina uku ke nan a jikin bango.
Ashe ya riga mu fara binciken,
ba tallafi, ba kwamiti, ba kwamfuta.

Na koma ofis da shi a jaka.
Injinmu ma niƙa yake yi:
aka zuba Hammajo, ya fito ɗigo
cikin ɗigo ɗari shida.
Abin da na rubuta a gefen shafi
ba shi da ƙofar shiga.

Ranar taro na ajiye wayata a teburi,
hoton bangon a buɗe.
Dakta Yelwa ta cire tabarau, ta mayar,
shayinta ya huce a gabanta.
Can ta ce, a ƙara tambaya ɗaya.
Me ya hana ka?
Kada a yi mata akwati. A bar layi biyar.

Bayan wata shida na koma.
Ya hura bututun har jijiyar wuya ta miƙe,
allurar ta ɗan matsa gaba, ba da yawa ba.
Ya ɗaure hanci da ƙyalle yanzu,
katinsa na cikin leda.
Ya ce, kun gama ƙirga mu?
Wa yake karantawa?
Na duba takardata. Ba ta ce komai ba.

Da zan tafi ya miƙo min gawayi.
Shekaranjiya na kwana a kwance,
har Dudu ce ta tashe ni salla.
Ban tanadi alamar irin wannan daren ba.
Ke ce mai boko.
Zana min.